Sandar Gadon Baƙuwa

A Gagarawa, in ka tambayi Ubale mai gyaran keke, za a nuna maka rumfarsa a bakin kasuwa. In ka tambayi Ubale mai wasa da itace, za a yi dariya tukuna, sannan a nuna maka rumfar dai. Mutum ɗaya ne, gajere mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana, hannunsa kullum da baƙin mai. Duk wanda ya san shi ya san gyaran keke abincinsa ne kawai, ba can zuciyarsa take ba.

Bai gaji sassaƙa ba. Ubansa manomi ne, kakansa ma haka. Masassaƙan garin, waɗanda suka buɗe ido suka tarar da gizago a gidajensu, kallon mai shisshigi suke yi masa, shi kuwa bai taɓa cewa shi ɗayansu ne ba. Ba ya yin turmi, ba ya yin kujera, ba ya kai komai kasuwa. Tarkacen kekunan da suka mutu a hannunsa ya tattara, kaca da feda da wili ɗaya, ya haɗa wani abu a ƙarƙashin wata 'yar rumfa a cikin gida, wanda in ya zauna ya taka, guntun itace ya riƙa juyawa tsakanin ƙusoshi biyu. Sai ya kawo ƙarfe mai kaifi da maƙeri ya buga masa, ya ɗora a jikin itacen, ɓawo na tashi yana zuba a ƙafarsa. Da haka yake fitar da 'yan abubuwa masu santsi: ƙotar wuƙa, mazari, gidan kwalli mai murfi, ɗan akushin da ko tuwon yaye ba zai ɗauka ba. In itace ya tsage ba ya yarwa. Ƙaron maje yake saya wurin masu turare, ya narka a gwangwani, ya gauraya da garin itacen ya ɗura a tsagar. In ya sandare ya goge da yashi da tsumma, ya bi da man kaɗe har abin ya riƙa ɗaukar ido. Daga nan sai ya miƙa wa wanda ya fara yabawa.

Matarsa Sabuwa, mace mai bakin da ba ya barin ko ta kwana, ta daɗe da haƙura da shi, amma ba ta haƙura da tsokana ba.

"Malam," in ji ta, "mutane na kai itace murhu ya dafa musu tuwo, kai kana shafa masa mai kamar amarya."

"Ke ba ki ga abin da ke cikinsa ba ne," in ji shi.

Ciwonsa ke nan. Ubale ba ya iya wuce itace bai ɗaga ba. Sai ya sunsuna, ya karce da farce, ya ƙwanƙwasa ya kara a kunne. Ya san aduwa daga marke da ido a rufe, kuma saboda guntun ƙirya ya taɓa sauka daga motar Gumel ya ƙarasa gida a ƙafa. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin laifi, har shi kansa.

Shekarar da aka canja kuɗi aka koma naira, damina ta yi wa ƙasar Gumel rowa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin bazara ta kama, Fulani sun gangaro daga arewa, daga Damagaram da abin da ya yi sama, da shanun da ake ganin haƙarƙarinsu daga nesa. Wasu suka yada zango a bayan maƙabartar Gagarawa. Ƙyanda ta shiga yara, tari ya shiga manya, na gari da baƙi ba wanda ta ware. Aka shiga rufe mutane safe da yamma.

Wanda ya taɓa raka gawa ya san yadda ake yi. A cikin babban rami akwai ƙarami, inda ake kwantar da mamaci. A kan ƙaramin ake jera itace a gicciye, kusa da kusa, a toshe 'yan kafofin da ganye da ɗanyar ƙasa, sannan a tura ƙasa. Itacen nan shi ne rufin ɗakin mutum na ƙarshe, shi ke hana ƙasa ta sauka a jikinsa. A da akwai tarinsa a gefen maƙabarta, kowa ya je daji ya ƙaro don Allah. A wannan bazarar tarin ya ƙare ƙaf, dajin kusa kuma masu shanu da masu murhu sun aske shi.

Wata rana bayan azahar, Ɗantsoho, dattijon da ke kula da maƙabarta, ya tsaya a bakin rumfar kasuwa.

"Ubale, ɗauko zartonka. Matar wani baƙo ce ta rasu. Ya kawo itace amma dogaye ne."

Baƙon sunansa Bappa, dogon Bafillace mai furfura, idonsa jawur amma ba hawaye. Ya sauke wani dami daga kan jaki, ya ajiye a gaban mutane a hankali.

"Gadonta ne," in ji shi. "Ba ni da wani itace. Kun ba mu ruwa, ba zan kuma roƙe ku itace ba."

Sandunan gadon Fulani ne, irin wanda ake kwancewa a ɗora wa sa in za a tashi. Ubale ya durƙusa ya auna faɗin ramin da kara, ya fara yanka. Yawancinsu itace ne na kowa da kowa. Amma da zarto ya ratsa sandar wajen kai, sai hannunsa ya tsaya. Cikinta baƙi ne wuluk, da wasu jijiyoyi jajaye suna kewaya juna, ga nauyi kamar ƙarfe. Bayanta kuwa shekaru na hayaƙi da man shanu da tafin hannun mace sun goge shi har yana sheƙi. Bai san sunan itacen ba. Shi da ya san kowane itace daga nan har Sule Tankarkar, bai taɓa ganin irinsa ba, ga shi kuma za a tura masa ƙasa gara ta cinye.

Ba zai ce ya yi shawara ba. Mutane sun juya suna saukar da gawa, buhun da ya ɗauko zarto a ciki yana kusa da ƙafarsa. Ya yanke daidai faɗin rami kamar sauran, ya sa ƙafa ya tura ta cikin buhun.

Aka jera itace. Da aka zo ƙarshe sai ya gaza.

"Kai, saura kaɗan," in ji Ɗantsoho daga cikin ramin. "Ubale, ba wani guntu?"

"Babu, Baba."

Aka ɗan wawware sauran, aka bar tazarar da ta fi tafin hannu daidai ƙirjin matar, aka rufe da tsingaron tukunya da ganye, aka shafe da ɗanyar ƙasa. Aka yi addu'a aka watse. Ubale ya saɓa buhunsa, ya bi sahun masu yi wa Bappa ta'aziyya, har ya riƙe hannunsa ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Ya soke sandar a jinkar rumfarsa ta cikin gida, ya bar ta can kwana da kwanaki, yana gaya wa kansa ai itace ɗaya ne, mamaci kuma ba ya jin nauyi. Ran nan da tsakar rana, gari ya yi tsit saboda zafi, ya sauko da ita. Ya yanke kamar taƙi ɗaya daga bakinta, ya ɗaura a keken nan nasa na juya itace, ya fara takawa. Gidan kwalli ya yi niyya. Ƙarfe na taɓa itacen sai wani ƙamshi ya tashi, na man shanu da hayaƙin ruga, mai ƙarfi kamar yanzu aka buɗe ƙwarya. Ya cika rumfar, ya fita tsakar gida.

"Malam!" Sabuwa ta ɗaga murya daga ɗaki. "Wa ya kawo mana man shanu a wannan shekarar da saniya ko ɗanta ba ta iya shayarwa?"

Ƙafarsa ta tsaya a kan feda. Ya ce mata itace ne. Ta yi dariya ta ce to a yi mata miya da shi. Shi kuwa bai iya ci gaba ba. Ya cire guntun, rabinsa ya riga ya sirance, ya haɗa da uwar sandar ya mayar jinka.

Damina ta gaba ta dawo da ƙarfinta, kamar mai biyan bashin fushi. Fulanin suka kwashe abin da ya rage musu suka koma arewa. Bayan wani ruwa mai yawa Ɗantsoho ya bi gida gida yana neman hannu, wai wasu kaburbura sun zauna. Ubale ya ɗauki fartanya ya bi su, yana addu'ar kada ya zama wanda yake tsoro. Shi ne kuwa. Sauran sun ɗan lotsa ne kawai, na baƙuwar ya rufta daidai inda aka bar tazara, rami ya buɗe, ruwa ya shiga da laka. Kafin a tura ƙasa Ubale ya hango gefen likkafani, ya rine ya koma launin ƙasa.

"Allah sarki," in ji Ɗantsoho. "Da itace ɗaya ya ƙaru da bai yi haka ba."

Daga ranar Ubale bai sake zama shi kaɗai a rumfarsa ba.

Kada a yi masa ƙari, bai taɓa ganin komai ba. Ba farin kaya, ba murya, ba sawu a ƙasa. Kuma ba da dare abin yake zuwa ba, barcinsa na dare lafiya lau. Da tsakar rana ne, lokacin da inuwa ke shigewa ƙarƙashin mai ita, kaji su buɗe baki, gari ya mutu. In ya zauna ya fara taka kekensa, ko aduwa ya ɗaura ko marke, sai ƙamshin nan ya taso. Sai kuma ya ji akwai mutum a bayansa. Ba mai fushi ba, da ma fushi ne da ya fi sauƙi. Tsayuwa ce irin ta mai tallar nono da ta yi sallama sau ɗaya a ƙofar gida, ta tsaya da ƙwarya a ka tana jiran a fito. Bai taɓa yarda ya waiwaya ba. In ya gudu ɗaki ya kishingiɗa, sai ya farka yana haki, da nauyi a ƙirji, bakinsa kamar ya ci ƙasa.

Tsoro yake ji, amma kunya ta fi tsoron yawa. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, wanda ake bar wa sabon keke mako guda ba a waiwaya, shi ne ya yi wa gawa sata, gawar mace, baƙuwa. Son zuciya ɓacin zuciya, Hausawa ba su yi ƙarya ba.

Ya gwada mayarwa. Wata rana ya faki ido ya kai sandar maƙabarta, ya kwantar da ita a kan kabarin, ya dawo yana jin kamar an sauke masa dutse. Washegari yana faci a kasuwa sai ga Ɗantsoho da fara'arsa.

"Ubale, dubi abin da na tsinta a wurin aikina. Na ce wannan ya fi ƙarfin murhu, sai kai."

Ubale ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.

Ya je wurin liman da tambaya irin ta wanda ke cewa wani abokina ne. Shin ana iya buɗe kabari a gyara rufinsa? Liman ya ce a'a, ba a tone mamaci don wannan. To wanda ya riƙe kayan mamaci fa? Liman ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce haƙƙi ba ya ruɓewa, a nemi masu shi a mayar musu, a roƙi gafara tun ana numfashi.

Nan Ubale ya sami sabuwar sana'a, neman Bappa. Duk Bafillacen da ke tsakanin Gumel da Damagaram, komai daɗewa, sai ya taka kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ubale ya fara zuwa, sandar naɗe a buhu, yana ce wa Sabuwa kayan keken Faransa yake nema. Ya ratsa kara, wurin cinikin dabbobi, tsakanin ƙahonin shanu da wuyan raƙuma yana leƙa fuskokin mutane a ƙarƙashin malafa. Masu suna Bappa kuwa ba sa ƙirguwa, kowane tsohon Bafillace baffan wani ne. Aka nuna masa na Ɗanzomo, aka nuna masa mai ido ɗaya, aka nuna masa wani da bai fi shekara talatin ba. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa. Ya rame. Kekensa na cikin gida ya yi tsatsa, ya daina ba kowa ɗan akushi. Sabuwa ta dafa masa duk saiwar da aka ce tana maganin shawara, ba ta ga canji ba.

Sai a shekara ta huɗu ya same shi, kuma ba a cikin kara ba. A bakin hanya yake zaune, a inuwar wata mota, da igiyoyin kaba a gabansa yana sayarwa. Ba saniya ko ɗaya. Ubale ya durƙusa ya gaishe shi, gaisuwa mai tsawo, don bakinsa ya kasa kama hanyar maganar.

"Na gane ka," in ji Bappa. "Kai ne mai zarto."

Ubale ya kwance buhu, ya fitar da sandar da guntunta, ya ajiye a kan igiyoyin. Ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba, har ruftawar kabarin. Tsohon bai taɓa sandar ba. Kallonta kawai yake yi.

"Na gan ka a ranar," in ji shi. "Idona na kan gadon, ina kuwa zai je? Na ga ka tura ta da ƙafa."

"Bappa! Me ya hana ka magana?"

"Baƙon da ya sha ruwan gari ba ya kiran ɗan gari ɓarawo a bakin kabari. Kuma kunya ta kama ni a madadinka."

Ubale ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a ƙasa. "Ka yafe mini don Allah. Ga ta, ka karɓa."

"Da saniya ce ka ɗauka, tawa ce, da na yafe tun ba ka rufe baki ba. Gado a wurinmu na mace ne. Da shi ta zo daga ɗakin uwarta, ni kwana kawai nake yi a kai. Ranar nan na mayar mata da kayanta, abin da na ba ta kuma ba ya dawowa hannuna. Ba ni ka ɗaukar wa ba, Malam. Me zan yafe?"

"'Ya'yanta fa?"

"Suna can kusa da ita, a garinku. Ƙyanda ta riga ta kai su."

Ubale ya ce, "To ko sunanta ka faɗa mini, in riƙa sa ta a addu'a."

Bappa ya kawar da kai ya dubi hanya. Bafillacen kirki ba ya kama sunan matarsa ta fari, tana raye ko ta mutu, Ubale ma ya sani, ruɗewa ce ta sa shi tambaya.

"Allah ya san ta," in ji tsohon. Ya sa gefen igiya ya turo sandar wajen Ubale, a hankali, ba da wulaƙanci ba.

Da ya dawo gida ya tarar da Sabuwa tana tankaɗe a tsakar gida. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata komai, tun daga zarto har igiyoyin kaba. Ta ajiye rariya. Tunda aka kawo ta gidan bai taɓa ganin bakinta ya mutu ba sai ranar. Ta tashi ta shige ɗaki, tuwon dare ma a bakin ƙofa ya tarar da shi. Da safe ta fito ta same shi a rumfa, sandar a kan cinyarsa.

"Shekara huɗu," in ji ta, "ina shanya kuɓewa a ƙarƙashin gadon matacciya, kana kallona. Ina ta dafa maka saiwa kamar mahaukaciya. Malam, ka cuce ta, ni ma ka cuce ni."

"Na sani."

"To yanzu sai yaya?"

"Na yi tunani. In na mutu, a sa ta cikin itacen kabarina. Tunda ba mai karɓa a nan, in tafi da ita."

Malamai za su ce mamaci ba ya kai saƙon itace, kuma gaskiyarsu. Ubale ma ya je makarantar allo, ya san haka. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Sabuwa ta dube shi sama da ƙasa. "Ka tafi da ita ka ba wa? Ka san fuskarta? Ko sunanta ba ka sani ba. Haka za ka yi ta yawo kana leƙa mutane kamar yadda ka yi a Maigatari." Ta zauna a bakin rumfar, muryarta ta sauka. "Fadimatu sunanta. Da ni aka yi mata wanka, matan rugar duk suna kwance ba mai iya tashi. Doguwa ce, da wushirya, da tsohon ƙuna a nan bayan hannu. Ko cikin dubu na gan ta zan gane ta."

Ubale ya maimaita sunan a hankali. Shekara huɗu yana yawon nema a bakin iyaka, ashe sunan yana ɗakinsa.

"Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne," in ji Sabuwa. "In na riga ka, ka ɗora mini. Na fi ka sanin yadda ake ba mace haƙuri."

"Sabuwa, bar wannan magana."

"An bari," in ji ta, ta tashi ta koma kan tankaɗenta.

Saura matsala ɗaya, wadda shi ya jawo ta da hannunsa. Taƙin da ya yanke ya sa sandar ba za ta ƙetare ramin kowa ba. Ya goge tsatsar kekensa ya zauna aikin da ya fi kowane ba shi wuya. Ya huda uwar sandar, ya huda guntun, ya fiƙe turun ƙirya ya haɗa su. Inda ƙarfensa ya cinye itacen ya sirance, ya yanko bututun tsohon famfon keke ya zura ya rufe wurin, ya narka ƙaron maje da garin ƙirya ya ɗura har ya cika. Ƙaron maje ya zaɓa don ruwa ba ya narka shi, ya kuwa ga abin da ruwa ke yi wa kabari. Da ya sandare ya tsaga bututun ya cire, ya goge, ya shafa mai. Sandar ta koma tsawonta, da wani zobe mai launin zuma a kusa da baki. Ya ɗora ta a kan duwatsu biyu ya hau da ƙafa biyu ya yi tsalle. Ba ta ko yi ƙara ba. Duk tsawon aikin nan ana tsaye a bayansa, amma ya ji kamar an ɗan matso ana kallon hannunsa.

Ya ci gaba da rayuwa da shirin shi zai fara tafiya. Ya girmi Sabuwa nesa ba kusa ba, ga rama, ga tari. Har ya nuna wa Ɗantsoho inda yake so a sa shi.

Shekarar zaɓe, bayan an gama girbi, zazzaɓi ya kama Sabuwa. Aka ce na kaka ne, zai wuce. Bai wuce ba. Aka kai ta asibitin Gumel aka dawo da ita. Ubale yana zaune a gefenta yana yi mata fifita, yana fatan ta manta da waccan maganar, don shi ya riga ya ƙudura ba zai ɗora mata kayan da ba ita ta ɗauka ba. Ranar da za ta cika, da hantsi, ta buɗe ido ta nuna wajen rumfa da haɓa.

"Malam," in ji ta, da ɗan murmushin tsokanar nan da ya saura mata, "kada ni ma ka yi mini rowar itace."

A shekarar itace ba ya wuya, tarin maƙabarta ya kai ƙugu. Mutane suka yi mamakin ganin mijin mamaciya ya zo da sanda a hannu. Ɗantsoho, wanda yanzu sai dai ya tsaya a baki yana nuni da kara, ya ƙura mata ido.

"Wannan ba ita ce na tsinta na kawo maka ba?"

"Ita ce, Baba. Saƙo ne."

Ubale ya sauka da kansa. Ya karɓi itace ɗaya bayan ɗaya yana jerawa, yana matse su har ko tsinke ba zai shiga ba. Da ya zo daidai ƙirjinta ya ɗauki baƙar sandar ya kwantar, ya danna bakinta biyu cikin ƙasa. Ya daɗe a durƙushe da tafinsa a kai, sai da aka kama kafaɗarsa aka fito da shi.

Bayan an share makoki, 'ya'yansu mata sun koma gidajen mazajensu, ya shiga rumfa da tsakar rana. Ya ɗaura guntun aduwa ya fara takawa. Ɓawo ya tashi, ƙamshin aduwa ya tashi, shi kaɗai. Ya dakata ya saurara. Ya ci gaba, ya sake dakatawa. Sannan ya yi abin da shekara biyar bai yarda ya yi ba, ya waiwaya. Ba kowa, sai katanga da rana a kanta.

Ya sami abin da ya nema, an karɓa. Farin ciki ya taso masa, ya juya wajen ɗaki da bakinsa a buɗe zai gaya wa Sabuwa. Ƙofar na rufe da asabari yadda 'ya'yan suka bar ta. Ubale ya sauke ƙafarsa daga feda, ya kifa kansa a kan keken, ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta.